Wilin filafili na samfurin jirgin Waverley: kafaffe ko mai motsi?

Mai Samfuri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki game da wilin filafili na ƙaramin jirgin ruwa da nake haɗawa. Jirgin da na ɗauki samfurinsa shi ne Waverley, mai tururi, wanda kamfanin A. & J. Inglis ya ƙera a Glasgow, aka saka shi a ruwa a 1946, ya fara ɗaukar fasinja a 1947, kuma har yau yana aiki. Ma'aunin da nake bi ɗaya bisa 48 ne, saboda haka gangar jirgin ta zo mita ɗaya da rabi da 'yan kai a tsawo, santimita 19 a faɗi, abin da zai shiga ruwa kuwa milimita 40 ne kacal. Na gama gangar, amma ban huda ramin shaf, wato ƙarfen da ke juya wilin, ba, ban kuma gina rumfunan da ke rufe wilin ba. Injin lantarki zan sa masa, in tuƙa shi da rimot.

Bisa zanen da ke hannuna, faɗin da'irar kowane wili ya kama milimita 115, yana ɗauke da filafilai takwas, kowanne milimita 70 a tsawo da 19 a zurfi. Na asalin jirgin irin mai motsi ne, wato filafilan suna juyawa a kan mahaɗansu yayin da wilin ke gudu. To rumfa za ta rufe kusan duka wilin, abin da ido zai gani ƙasansa ne kawai, shi ya sa nake tambayar ko akwai dalilin da zai sa in ɗora wa kaina wahalar yin mai motsi, alhali kafaffe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan mai motsin ya zama dole, ina son sanin inda ake kafa cibiya ta biyu, wadda ke sarrafa motsin filafilan, da abin da ya fi dacewa a yi wilin da shi tsakanin tagulla da roba, da kuma saurin juyawar da zan nema a wajen injin. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi kyan kai da ka tambaya kafin ka huda ramin shaf, domin tsayin shaf daga fuskar ruwa shi ne zai yanke hukunci a kan sauran tambayoyinka, kuma da zarar an huda shi gyaransa aiki ne.

Ka ɗauki takarda da kamfas ka zana wilin a girmansa na milimita 115. Ka'idar nutsewa ita ce saman filafilin da ya fi kowanne ƙasa ya ɓace a ruwa da milimita biyu zuwa huɗu. Idan muka ɗauki uku, ƙasan wilin zai kasance milimita 22 a cikin ruwa, shaf kuma ya tsaya kimanin milimita 35 a saman ruwa. Yanzu ka zana kafaffen filafili, wanda kullum yake fuskantar tsakiyar wilin, ka juya shi har bakinsa ya taɓa layin ruwa, ka auna kusurwar. Za ka same shi a karkace da digiri 52 daga tsaye. Wato ya fi kusa da kwanciya a kan tsayuwa, kamar wanda ya mari ruwa da faifai. Ƙarfin da injin ya kashe a wannan lokacin ƙasa yake danna ruwan, ba baya ba. Haka kuma idan filafilin ya zo fita yana karkace da wannan kusurwa ta ɗaya ɓangaren, sai ya kwashi ruwa ya watsa shi sama cikin rumfa. Turawa ta gaskiya a ɗan tsakiyar tafiyar kawai take faruwa.

Wannan matsala ce da magina jirage suka sha fama da ita tun farko, kuma hanya biyu suka bi. Ta farko ita ce a yi wilin ƙato, a bar ɗan ƙasansa kawai a ruwa, yadda kusurwar shiga za ta ragu da kanta. Ita jiragen kogin Misisifi suka bi, shi ya sa kafaffun filafilai na katako suka wadatar da su. Ta biyu ita ce a bar wilin ƙarami a sa filafilan su riƙa juyawa. Robertson Buchanan ya fito da wanda filafilansa ke tsaye cak a kowane lokaci a 1813, amma wanda ya karɓu shi ne na Elijah Galloway na 1829, wanda William Morgan ya inganta har ake kiransa da sunansa. Jirage masu sauri na kogin Clyde a Sikotland, waɗanda Waverley ya fito daga cikinsu, wannan suka yi amfani da shi, domin ƙaramin wili yana juyawa da sauri, injinsa ya fi sauƙin nauyi, kuma ana iya saukar da shaf ƙasa. Wilin da ke zanenka an rage masa girma ne saboda an san filafilansa za su motsa. Idan ka riƙe girman ka jefar da motsin, ka ɗauki abin da ya fi muni a hanyoyin biyu.

Game da cibiya ta biyu, ga yadda take. Kowane filafili yana rataye a tsakiyar zurfinsa a kan fil biyu, a bayansa kuma akwai ɗan hannu da ya fito. Daga ƙarshen hannun sanda ta tafi zuwa wani ɗan faranti mai juyawa, wanda ba a kan shaf yake ba, a kan wani fil yake da aka kafa a jikin katakon waje na rumfa. Sanda bakwai suna da mahaɗa a jikin farantin, ta takwas kuwa a kafe take, ita ce ke jan farantin ya juya tare da wilin. Ana sa wannan fil a gaban shaf, wato ta wajen goshin jirgi, kusan a tsayi ɗaya da shi. Nisan da ke tsakaninsu shi ne ma'aunin komai. Idan babu nisa, filafilin ya koma kafaffe. Idan nisan ya yi daidai da tsawon hannun, filafilin zai tsaya cak kullum irin na Buchanan. Idan ya yi rabin tsawon hannun, karkatar filafilin za ta ragu da kusan rabi, wato digiri 52 ɗin nan ya dawo wajen 25, kuma wannan shi ake nema, domin jirgin yana tafiya gaba, ruwan yana zuwa wa filafilin a karkace, ɗan karkacewar ce ke sa ya tsaga ruwan da baki. A girmanka zan fara da hannu mai milimita 14 da nisa mai milimita 7. Hanyar gwadawa a takarda mai sauƙi ce: ka ɗiga alama a ƙololuwar da'irar da fil ɗin filafilai ke bi, duk filafilin da ke cikin ruwa idan ka ja layi ta jikinsa ya kamata ya nufi wannan alama. Ka yanka komai da kwali ka haɗa da allurai ka juya da yatsa kafin ka taɓa ƙarfe. Ramin da zai riƙe fil ɗin cibiya ta biyu kuma ka yi shi dogo, domin ka iya matsar da shi gaba ko baya bayan jirgin ya shiga ruwa.

Kada ka manta wilin dama da na hagu ba iri ɗaya ba ne, kowanne kishiyar ɗan'uwansa ne.

Baba Maƙeri ya rubuta:

Bayanin Injiniya daidai ne, ba ni da ja a kan kusurwa. Inda na saɓa da shi shi ne a kan abin da ya kamata a fara yi.

A ƙirga mahaɗan da ke wili mai motsi guda ɗaya. Filafilai takwas, kowanne fil biyu, 16 ke nan. Ƙarshen hannaye takwas, ya zama 24. Bakwai a jikin faranti, 31. Wili biyu mahaɗai 62, kuma kowace sai ta juya sumul ba tare da ta yi sako-sako ba. Sanda ɗaya ta fi 'yan'uwanta tsawo da rabin milimita, wilin zai riƙa cijewa sau ɗaya a kowane zagaye, kuma za ka ji shi a ƙarar injin kafin ka gan shi da ido. Wanda zai yi wannan aiki sai ya fara yin allon jagora na ƙarfe mai kauri, ya huda ramuka biyu a nisan da ake so, ya riƙa ɗora kowace sanda a ƙarƙashinsa yana hudawa ta cikin ramukan nan. Zobban wilin guda huɗu kuma a ɗaure su wuri ɗaya da noti, a huda su a lokaci guda, a goge su da magagari a lokaci guda. Duk wanda ya auna kowace sanda daban da rula ya shirya wa kansa ɓacin rai.

Saboda haka shawarata, ɗana, ka yi kafaffen wili na wucin gadi da allon roba mai kauri milimita ɗaya da rabi, aikin da ba zai ci maka lokaci ba, ka sa jirgin a ruwa da shi. Ba don ya zauna ba. Don ka san ainihin inda layin ruwa zai tsaya bayan ka ɗora batir da injin da benaye da bututun hayaƙi guda biyu da kwale-kwalen ceto. Lissafin Injiniya gaba ɗaya a kan milimita uku na nutsewa ya ginu, jirgin nan kuwa siriri ne. Fuskar da gangarka ta taɓa ruwa da ita ba ta wuce kashi ɗaya bisa biyar na murabba'in mita ba, wanda ke nufin duk gram 200 da ka ƙara zai nutsar da shi milimita ɗaya. Kilo ɗaya na ƙari milimita biyar ne, rubu'in zurfin filafilinka. Nauyin jirgin duka-duka, har da gangarsa, wajen kilo shida ne, kuma masu wannan aiki sun fi yawan zarce nauyi a kan su gaza shi. Idan ka kashe makonni a kan wilin tagulla sannan jirgin ya zauna ƙasa da inda ka zata, mai motsin ma zai shaƙe.

A kan tagulla da roba, ga abin da sikeli ke faɗa. Tagulla ta ninka ruwa nauyi sau takwas da rabi, robar da ake yanka samfuri da ita kuwa kusan nauyin ruwa gare ta. Filafilai takwas na tagulla mai kauri 0.8 za su kai gram 72 a wili ɗaya, na roba mai kauri 1.5 kuwa gram 17. A ma'auninka tan ɗaya na babban jirgi gram 9 ne a samfuri, to ka ga filafilan tagulla na ɓangarori biyu kamar an loda wa jirgin tan 16 ne, a can gefe, nesa da tsakiya. Abin da nake yi shi ne in raba: zobba da sifok da sanduna da faranti na tagulla, domin su ne ke shan gogayya, kuma suna kama likin dalma da kyau; filafilai na roba ko siririn filawud da aka shafe da banish ciki da bai. Na asalin jirgin ma na katako ne. Alminiyom ba shi da nauyi amma ba ya karɓar dalma, kuma idan ya daɗe manne da tagulla a cikin ruwa yana cinyewa. Wilin roba na kanti yana aiki idan ka sami girmanka, sai dai akasarinsu an yi su ne don jiragen jan kaya, kamar wanda kamfanin Graupner ya yi wa samfurinsa mai suna Glasgow, kuma ba a gina rumfa don ta dace da wili idan ana son jirgin ya yi kama da na asali.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Babu wanda ya taɓa batun sauri, bari in ɗauke shi. Saurin samfuri ba a raba shi da 48. Domin igiyar ruwan da ke gefen jirgin ta yi kama da ta babban, ana raba saurin ne da tushen murabba'in ma'aunin, wanda a nan ya kusa 7. Waverley yana tafiyar yau da kullum da mil 14 na ruwa a awa, wato mita 7.2 a daƙiƙa, saboda haka samfurin zai nemi mita ɗaya da ɗan ɗoriya a daƙiƙa. Da'irar da tsakiyar filafilai ke bi tana da faɗin milimita 96, kewayenta santimita 30. Da ruwa ba ya zamewa, juyi 207 a minti zai isa. Amma yana zamewa, kuma a ƙaramin wili ya fi zamewa, idan aka bar masa kashi ɗaya bisa uku lissafin zai kai juyi 300 da ɗan kai. Ka nemi injin mai giya a jikinsa wanda ke ba da wajen 300 idan an ƙure shi, ka sa masa na'urar rage gudu, ka haɗa shi da shaf da bel mai haƙora, wanda ya fi giya shiru kuma yana yafe ƙaramin karkacewa.

Ina tsammanin ba za ka riƙa ƙure shi ba, dalili kuwa rumfa. An rage jirgin sau 48 amma ba a rage ruwan ba. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya a tafki da a teku, kuma yana manne wa filafili da bangon rumfa fiye da yadda yake yi a babban jirgi. Idan ka gina rumfar matse da wilin yadda zane ya nuna, ruwan da wilin ya ɗauko ba shi da mafita, zai riƙa zagayawa tare da shi, ka ƙara wuta jirgin ya ƙi ƙara gudu. Wani lokaci ma rumfar ɓangare ɗaya takan cika, jirgin ya kwanta ta wannan gefe, wilin can ya ƙara nutsewa, ɗayan ya fito yana juyawa a iska, daga nan sai ya yi ta zagaye a tsakiyar tafki bai miƙe ba. Maganinsa a bar tazarar milimita shida zuwa takwas tsakanin bakin filafili da rufin rumfa, a huda tagogin adon da ke fuskar rumfar da gaske maimakon a zana su da fenti, a bar ƙasan rumfar ta baya a buɗe. Da wannan za ka ga juyi 200 ya ba ka tafiya mai kyan gani.

Akwai kuma shawarar da masu son daidaito ba sa so, ni kuwa ina goyon bayanta: a ƙara wa gangar zurfi da santimita ɗaya a ƙarƙashin layin ruwa, a kwantar da batir da dalma a can ƙasa. Babu mai ganin wannan idan jirgin yana ruwa. Tunda ka riga ka gama gangar, madadinsa shi ne ƙaramin allon ƙarfe mai dalma a baki da za a ɗaura a ƙasa da sukuru lokacin tuƙi, a cire shi lokacin ajiya. Jirage masu wili a baya, irin waɗanda suka yi jigila a Kwara da Binuwai ta Lokoja, ba su da wannan damuwa a samfuri saboda gindinsu shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, amma kai siriri ka zaɓa.

Mai Samfuri ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya, Baba da Malama. Na zana wilin kamar yadda aka ce, kusurwar ta fito yadda Injiniya ya faɗa. Zan bi jerin Baba: wilin roba na gwaji tukuna, da buhunan yashi a madadin kayan da ban gama ba, in sami layin ruwa, sannan in huda ramin shaf, mai motsin ya biyo baya.

Saura abu ɗaya. Tafkin da zan riƙa tuƙi a ciki ƙarami ne. Wani ya ce mini in raba shaf biyu, kowane wili da injinsa, yadda zan iya juya jirgin a inda yake tsaye. Shin wannan ya dace da irin wannan jirgi?

Injiniya Mai Ritaya ya rubuta:

A babban jirgin shaf ɗaya ne ya ratsa daga wili zuwa wili, injin mai silinda uku na kamfanin Rankin & Blackmore yana juya su tare, shi ya sa aka san Waverley da buƙatar fili mai faɗi kafin ya juya. Jiragen jan kaya ne aka yi wa injin biyu, kamar Eppleton Hall na 1914, domin aikinsu juye-juye ne a matsattsen wuri, kuma gangarsu gajeriya ce mai faɗi.

Ni shaf ɗaya zan bar maka. Injin biyu da na'urar gudu biyu ƙarin nauyi ne a jirgin da Baba ya nuna ba shi da rarar nauyi. Guntun shaf da ke riƙe da wili a gefe ɗaya yana buƙatar boris biyu masu tazara, cikin faɗin da bai kai santimita goma ba, in ba haka ba zai yi rawa, rawar kuma kai tsaye take tafiya ga sandunan da ka sha wahalar daidaitawa. Sannan idan wili ɗaya na gaba ɗaya na baya, siririn jirgi yakan karkata, abin da Malama ta yi kashedi a kai ke nan. Abin da za ka yi shi ne ka ƙara wa allon tuƙi girma da kusan rabi ta ƙasa, domin a jirgi mai wili a gefe babu farfela da ke hura masa ruwa, sai jirgin yana tafiya yake jin tuƙi.

Shaf ɗin ka yi shi da ƙarfe marar tsatsa mai kauri milimita 5 ko 6, ya bi ta bututun tagulla da aka cika da giris, domin duk da yana saman ruwa feshin wilin zai bi shi ya shiga ciki. Ka goge ƙarshensa biyu da magagari su yi fili inda sukurun wilin zai zauna. Fuskar rumfa kuma kada ka manne ta da gam, ka ɗaure ta da ƙananan sukuru, tunda a jikinta fil ɗin cibiya ta biyu yake kuma ta nan kaɗai wilin zai iya fita.

Baba Maƙeri ya rubuta:

Gyara ɗaya ga shirinka. Wilin gwaji yana buƙatar shaf, kai kuwa ka ce sai ka sami layin ruwa za ka huda. To ka fara da buhunan yashi kaɗai, jirgin yana tsaye a ruwa, ka haɗa da nauyin wili biyun da za su zo, ka ja layi da fensir, ka auna milimita 35 sama da shi ka huda. Ramin gangar ka ba shi rarar milimita biyu sama da ƙasa, ka riƙe bututun da ɗan faranti mai sukuru har sai gwaji ya ƙare, sannan ka zuba masa gam.